Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai: kafin ku damƙa wa gwamnoni 'yan sanda

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni ɗan tsohon ɗan sanda ne, a bariki aka haife ni kuma a nan na yi wayo, babanmu ya yi shekara 35 yana sa kaki kafin ya ajiye aiki yana sufeto, da albashinsa aka saya min litattafan makaranta, saboda haka duk abin da za ku karanta a nan don Allah kar wani ya ɗauka ƙiyayya ce da 'yan sanda, na san yadda suke kwana a titi cikin sanyi, na san ɗakin bariki mai yoyo da damina, na ga matar da aka kawo wa gawar mijinta daga bakin aiki kuma ta shekara tana zarya kan haƙƙinsa. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne maganar 'yan sandan jihohi da ake ta yi a gyaran kundin tsarin mulki, kowa na ta muhawara kan wa zai riƙe su, shugaban ƙasa ko gwamna, amma har yau ban ji wanda ya tsaya ya yi tambayar da ke gaba da wannan ba, wai shin ikon da ɗan sanda yake da shi na ya tsayar da ni, ya caje ni, ya sa min ankwa, ya rufe ni a bayan kanta, daga ina ya samo shi, kuma ni ɗin da za a yi wa haka an taɓa neman yardata?

A takarda dai amsar tana nan, kun fi ni saninta. Sashe na 14 na kundin 1999 ya ce mulki na jama'ar Najeriya ne, daga wajensu gwamnati ke samun duk wani iko da take da shi, kuma tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. To in haka ne kulkin da ke hannun kofur nawa ne, aro na ba shi. Sai dai shi kansa kundin da ya buɗe da cewa mu mutanen Najeriya ne muka yi shi, dokar soja mai lamba 24 ta 1999 ce ta haife shi a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, ba a kai shi gaban kowa an ce ya kaɗa ƙuri'ar amincewa ba, ni ban san ko mutum ɗaya a unguwarmu da aka tambaya ba. Kuma a cikinsa ne sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan ba za a kafa wata ba, sashe na 215 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar, har ma in gwamnan da muka zaɓa ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, kwamishina na iya cewa a dakata sai an ji daga shugaban ƙasa tukuna. Ku bi igiyar nan da kyau ku gani, daga kofur zuwa DPO, zuwa kwamishina, zuwa Sufeto Janar, zuwa fadar shugaban ƙasa, sama take ta yi babu inda ta lanƙwaso ta dawo wajen mai shayi ko mai kayan miya.

Kuma ba yau aka ɗaura ta haka ba. Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa sanin wannan tarihin don da sunanmu aka fara. Bayan Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861 sun kafa 'yan gadi kusan 30, sai wani Bature mai suna Glover ya tattara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga, zuwa 1879 an yi runduna mai mutum 1,200 da ake kira da sunan Hausa, an ma kai irinsu yaƙin Ashanti a ƙasar da yau take Gana. Me ya sa Hausawa a Legas? Saboda baƙi ne, ba su da ɗan uwa a garin, ba sa jin yaren, in an ce su daka ba za su ji kunyar kowa ba. A 1888 kamfanin Royal Niger ya kafa nasa dakarun a Lakwaja, kamfanin kasuwanci fa, don tsare hajarsa da hanyar ruwansa. Waɗannan ne aka yi ta haɗawa har aka samu rundunar 'yan sandan Najeriya a 1930. Su kuwa can gida Ingila, tun 1829 da Robert Peel ya kafa 'yan sandan Landan, tsarin da suke tinƙaho da shi shi ne ɗan sanda ɗan gari ne da aka ba albashi ya yi aikin da ke kan kowa, ƙarfinsa yardar mutane ce, shi ya sa har yau yawancinsu ba sa yawo da bindiga. Suna da nasu abin kunyar su ma, amma ku lura, wanda suka ajiye wa kansu daban, wanda suka kawo mana daban. Mun karɓi 'yanci a 1960 muka canza tuta muka canza masu ba da umarni, amma bariki yana nan a ware da gari, kuma har gobe ana ɗauko yaro daga wani sashe na ƙasa a jefa shi ƙauyen da ko gaisuwa bai iya da harshensu ba a ce ya tsare su.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gabana, don shi ne ya sa na daina ɗaukar maganar nan a matsayin zancen 'yan boko. Wata rana bayan isha'i aka kama wani yaro a layinmu ya ƙwace wayar wata mata, kafin ka ce me an taru, wani da gora wani da bulo, har an fara maganar taya da fetur. Babanmu lokacin ya daɗe da ritaya, tsoho ne da jallabiya da silifas ko sanda babu a hannunsa, ya kutsa tsakiya ya ce kar wanda ya sake taɓa yaron nan, wallahi aka tsaya cak, samari majiya ƙarfi suka ja da baya, saboda sun san shi, shi ke raba su faɗa tun suna yara, sun san bai taɓa cin kuɗin kowa a unguwar ba. Sai ya ce to a kai shi caji ofis, mutum biyu su bi a matsayin shaida. A nan ne aka watse. Ita mai wayar ta ce tunda ta samu wayarta ta yafe, don in ta je za a riƙe wayar a ce shaida ce kuma ba ta san ranar fitowarta ba, wani ya ce shi ba zai je a ce ya kawo kuɗin takarda da kuɗin mai ba, wani ya ce ai gobe da safe za ka ga yaron a gari kuma kai da ka yi shaida kai zai nema. A ƙarshe babanmu da mai unguwa ne suka kai shi su biyu. Da ya dawo bai ce komai ba ya shige ɗaki, amma na ga fuskarsa, mutanen da suka yi masa biyayya shi kaɗai ba kaki, su ne suka ƙi taka ƙafa zuwa gidan da ya ba shekara 35 na rayuwarsa.

Ni a wajena ma'aunin yarda kenan, kuma ba a akwatin zaɓe kaɗai ake gane ta ba. Za ka gane ta in an yi wa mutum sata ya tashi da kansa ya kai ƙara, in ya ga baƙuwar fuska da makami a bayan gari ya kira DPO ba tare da fargabar sunansa zai koma kunnen ɓarayin ba, in uwa ta iya kama hannun ɗanta mai shaye-shaye ta kai shi da kanta tana da yaƙinin za a dawo mata da shi da rai. Abin da muke yi yanzu, mu rage gudu a shinge mu miƙa na goro mu ce ranka ya daɗe ofisa, wannan tsoro ne da neman a rabu lafiya. Malamai sun ce shirun budurwa yardarta ce a wajen aure, amma babu malamin da zai ɗaura aure in ya san an tsaya a kanta da bulala ne ta yi shirun. Kuma mu da muka taso da jin huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya ce a taimake shi in ya yi daidai a gyara masa in ya kauce, kuma babu biyayya gare shi in ya saɓa wa Allah da Manzonsa, bai kamata a ce sai wani ya zo daga waje ya koya mana cewa biyayya tana da sharaɗi ba.

Na san za ku ce ai akwai dokoki, kuma gaskiya ne ku kuka yi su, wasu ma masu kyau ne ƙwarai. Kundin ya ce in an kama mutum a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu awa 48. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa alƙawarin ciniki, ta ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. A 2017 kun yi dokar hana azabtarwa, a 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda har da kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma a ciki. A bangon kusan kowane caji ofis an rubuta beli kyauta ne. To don Allah ku tambayi direbobinku da masu gadinku, ba sai kun je nesa ba, ku ce tsakaninsu da Allah wa ya taɓa karɓo ɗan uwansa kyauta, wa bai san tsohon da aka tafi da shi don ɗansa ya gudu ba, wa bai san ɗan kasuwar da ya kwana a sel kan kuɗin atamfa ba. Talaka bai ma san dokokin nan suna nan ba, an rubuta su da Turanci an ajiye a Abuja, wanda ya sani kuma in ya buɗe baki a gaban kanta sai a ce ya cika sanin doka, laifinsa ya ƙaru.

Sau nawa kuma mutane suka fito fili suka nuna sun janye yardarsu. A Oktoban 2020 matasa suka cika tituna kan SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, har aka sanar da rusa ta ranar 11 ga wata, aka kuma buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Lekki da ke Legas ranar 20. A lokacin gwamnonin Arewa sun ce su ba sa son a rusa ta, mu ma da yawanmu muka ɗauka rigimar 'yan Kudu ce, mu matsalarmu 'yan bindiga. Sai ga Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa, wannan karon a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Borno da Neja aka kwashi gawa, ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe, rundunar ta musanta, amma abin da babu mai musantawa shi ne yaran da aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja a farkon Nuwamba bayan kusan wata uku a tsare, ƙanana, sun rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa, sai da duniya ta yi caa sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Yaran nan za su girma, kuma duk ranar da wani ya ce musu ɗan sanda abokin kowa ne, ɗakin da aka rufe su za su tuna. Kafin nan ma akwai Yulin 2009 a Maiduguri, sojoji suka miƙa shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf da ransa, ya mutu a hannun 'yan sanda ba a kai shi gaban alƙali ba. Ba na kare shi ko kaɗan, abin da ya shuka ya ci dubban rayuka, amma da kotu ce ta yanke masa hukunci a bainar jama'a da mabiyansa ba su samu wannan hujjar da suka yi ta jan yara da ita ba. Kuma a garin nan dai, a 2013, abin da ya kori 'yan ta'addan daga cikin unguwanni shi ne ranar da samarin gari 'yan kato da gora suka yanke shawarar za su nuna su da yatsa gida gida, bindigogin da ke garin kafin ranar ai suna nan, abin da babu shi ne mai nunawa.

Yanzu ga shi kowace jiha tana neman mafita, rundunar tsaro ta Amotekun a Kudu maso Yamma tun 2020, Katsina ta kafa nata jami'an tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, ga Hisba a Kano, ga 'yan sintiri da 'yan sa-kai a kowane ƙauye. Duk wannan shaida ce cewa 'yan sandan da ba su kai 400,000 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma an kwashi wani kaso mai yawa an raba wa manya suna riƙe musu jaka, ku kanku kun ci moriyar hakan, ba za su iya ba. Saboda haka na fahimci masu son 'yan sandan jiha, ɗan gari ya san daji, ya san harshe, ya san ɗan wane ne ya fara kashe kuɗin da ba a san inda ya samo ba.

Amma ranku ya daɗe mu a Arewa mun taɓa yin 'yan sandan gida fa, ku tambayi tsofaffinku labarin 'yan doka na En'e. 'Yan gari ne, Hausa suke ji, sun san kowa, kuma da su aka yi ta farautar 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU tun daga 1950, a hana su lacca, a kama su a kai gaban alƙali a ɗaure, Hajiya Gambo Sawaba sau nawa ta shiga kurkuku, talaka nawa aka ci wa mutunci don kawai an gan shi a taron Malam Aminu Kano. Wannan na cikin dalilan da suka sa a zamanin Gowon aka narkar da su cikin rundunar tarayya. Zama ɗan gari bai hana su zalunci ba tunda igiyarsu a hannun mai mulki take, kuma zaluncin wanda ya san ƙofar gidanku da sunan mahaifiyarka ya fi ciwo. Mun kuma ga yadda 'yan sa-kai a Zamfara da maƙwabta suka riƙa kashe Fulani a kasuwa kan zargi kawai, abin da ya ƙara hura wutar da muke ciki. Sannan ku tuna Kano a watan Mayun 2024 lokacin rikicin sarauta, gwamna ya ba da umarnin a kama Sarki Aminu Ado Bayero, 'yan sanda suka ce su umarnin kotu za su bi. Ban zo in ce wane ne mai gaskiya ba, abin da nake so ku hango shi ne a ce ran nan gwamna na da tasa rundunar mai bindiga, tarayya na da tata, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a gidan sarki na Nasarawa, jinin 'ya'yan wa zai zuba a tsakani? Gwamnonin da zaɓen ƙananan hukumomi a hannunsu jam'iyyarsu ke cinye kusan kowace kujera, su ne za a ba bindiga da sel ba tare da wani takunkumi ba?

Gyaran nan sai ya samu kashi biyu cikin uku a majalisunku biyu da amincewar majalisun jihohi 24, to tunda abin zai bi ta hannunku ina roƙonku kar ku tsaya kan sauya mai riƙe igiya kawai. Ku sa a cikin kundin kansa, ba a wata ƙaramar doka da gwamna zai sa a goge cikin kwana ɗaya ba, cewa gwamna shi kaɗai ba zai naɗa ko ya tsige shugaban 'yan sandan jiha ba, hukumar da za ta yi haka ta ƙunshi mutanen da ba shi ya zaɓo su ba, kuma kuɗin rundunar ya riƙa zuwa kai tsaye don kar a ja su da yunwa. Abin da ya fi damuna shi ne can ƙasa, matakin caji ofis, a nan talaka ke haɗuwa da hukuma. A wajabta wa kowane DPO zama da mutanen yankinsa a fili lokaci lokaci, da harshensu, ya faɗi mutum nawa ya kama, nawa aka kai kotu, nawa aka saki, wa ya mutu a tsare kuma me ya kashe shi, mata da matasa da Fulanin ruga da baƙin da ke zaune a Sabon Gari duk su samu kujera, kar a cika wajen da masu kuɗin unguwa da 'yan jam'iyya kamar yadda aka saba. In al'umma ta kai ƙorafi kan jami'i, wata hukuma daban ta bincika, ba abokin aikinsa da suke cin abinci kwano ɗaya ba, kuma a ga sakamako da ido, canjin wajen aiki ba hukunci ba ne. Duk wanda ya mutu a sel a yi binciken gawa a gaban danginsa da alƙali. A fassara haƙƙin wanda aka kama zuwa Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsuna a riƙa karantawa a rediyo kamar tallan magani har yaro ya haddace.

Kuma ku biya su. Wanda ke sayen kakinsa da takalminsa da kuɗinsa, a ba shi mota ba mai, a ce ya yi bincike ba ko takarda, kun riga kun tura shi aljihun mai ƙara, kuma tsofaffinsu da kuka gani suna zanga-zanga a Abuja kan fansho abokan babanmu ne, yaran da ke aiki yanzu suna kallonsu suna lissafin tasu makomar.

Abu na ƙarshe da nake roƙo ba ya buƙatar ƙuri'ar kowa. Kafin ranar da za ku zauna kan wannan gyara, kowannenku in ya je mazaɓarsa ya bar 'yan rakiyarsa da jiniya a gida, ya sa kaya irin na kowa, ya je caji ofis mafi kusa da gidan da aka haife shi da misalin ƙarfe 9 na dare, ya zauna a bencin da ke waje tare da matan da suka kawo abinci a kula suna jiran a bar su su miƙa, ya tambaye su tun yaushe nasu yake ciki, kan wane laifi, kuma nawa aka ce su kawo.

Wassalam, naku,
Ɗan tsohon sufeto.